Fasahar HDR a ɗaukar hoto: yaushe take da amfani, yaushe take ɓata aiki?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton mutumin da ke tsaye a bakin ƙofar zaure da rana tsaka, ya san cewa ɗayan abu biyu ne ke faruwa.

Ko dai fuskar mutumin ta fito sarai, amma duk abin da ke bayansa ya koma fari fat kamar takarda, ko kuwa titi da itatuwa da sararin sama su fito da kyau, shi kuma ya zama baƙar inuwa, ba a ma gane ko wane ne.

Domin magance wannan matsala ce aka ɓullo da fasahar da ake kira HDR. A yau haruffan nan uku suna cikin kyamarar kusan kowace wayar salula ta zamani, kuma galibi fasahar na aiki ne ba tare da mai wayar ya sani ba.

Haruffan dai farkon wasu kalmomin Ingilishi ne guda uku, waɗanda ke nufin tazara mai faɗi tsakanin wuri mafi haske da wuri mafi duhu a cikin hoto guda.

To sai dai masu sana'ar ɗaukar hoto sun daɗe suna ja-in-ja a kanta. Wasu na ganin ita ce ta kusantar da kyamara ga abin da ido ke gani, wasu kuma na cewa ta cika duniya da hotuna masu kama da zanen fenti. Har ta kai ga an tuhumi manyan jaridu da sauya gaskiya saboda ita.

Ido da kyamara

Masu ɗaukar hoto na auna haske ne da mataki-mataki, kuma kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi. Ke nan tazarar mataki 10 na nufin wuri mafi haske ya ninka mafi duhu sau 1,024, mataki 14 kuma sau 16,384, yayin da mataki 20 ya haura sau miliyan ɗaya.

Hasken rana tsaka a fili kan kai kimanin 100,000 a ma'aunin da ake kira lux, alhali ɗakin da hasken taga kaɗai ke shiga ba lalle ne ya wuce 100 ba. Wannan kaɗai tazarar mataki 10 ce. Idan kuma aka haɗa da cewa a waje akwai farin bango da rana ke duka, a ciki kuma akwai baƙin kaya a lungu, tazarar na iya kai wa mataki 15 ko fiye.

Mutum bai cika lura da wannan ba, saboda ido ba ya kallon wuri gaba ɗaya a lokaci guda. Yana tsalle ne daga nan zuwa can, ƙwayarsa na buɗewa tana tsukewa, tantaninsa na sabawa da hasken kowane ɓangare, sannan ƙwaƙwalwa ta harhaɗa abin da aka gani ya zama sura ɗaya. Idan aka ba shi lokaci ya saba, ido na iya aiki a tazarar da ta wuce mataki 20, daga hasken taurari zuwa na rana.

Kyamara kuwa kallo ɗaya take yi. Faifan da ke karɓar haske a cikinta na ɗauke da miliyoyin ƙananan ɗigogi, waɗanda za a iya kwatanta su da ƙorai da aka jera a tsakar gida ana ruwan sama. Ƙwaryar da ta cika ta tumbatsa, ba za a iya sanin ko ruwan da ya zubo mata ya ninka cikinta sau biyu ne ko sau ɗari ba. Wadda kuma ɗigo biyu ko uku kawai suka faɗa mata, da wuya a bambanta ruwanta da laimar da ke jikinta tun farko.

Ƙwaryar da ta tumbatsa ita ce wurin da ya ƙone ya zama fari a hoto, kuma babu wata manhaja da za ta dawo da ainihin abin da ke wurin. Wadda ba ta samu ruwa ba ita ce inuwa, wadda idan aka tilasta haskaka ta sai ta fito da tsakuwa-tsakuwa da ɗigogin launi marasa kan gado.

Manyan kyamarorin ƙwararru na yanzu na iya riƙe mataki 13 zuwa 15 a ɗauka ɗaya. Faifan wayar salula kuwa, wanda a yawancin wayoyi bai kai girman farce ba, yana gazawa tun kafin nan.

Akwai kuma matsala ta biyu da ba a cika ambata ba. Ko da kyamara ta kama dukkan hasken, takardar da za a buga hoton a kai ba ta iya nuna fiye da mataki shida zuwa bakwai, domin farin takarda bai ninka baƙin tawada fiye da kimanin sau 100 ba. Saboda haka aikin HDR kashi biyu ne: tattaro hasken gaba ɗaya, sannan a matse shi ya shiga cikin abin da takarda ko fuskar waya za ta iya nunawa. Kusan duk rigimar da ake yi, a kan kashi na biyun ne.

Tsohuwar matsala

Dabarar ta girmi kwamfuta da shekaru masu yawa. A shekarun 1850, wani Bafaranshe mai suna Gustave Le Gray ya ba mutanen Paris da London mamaki da hotunan teku waɗanda igiyar ruwa da gajimare suka fito a cikinsu lokaci guda.

A wancan zamani sinadaran ɗaukar hoto na saurin kama shuɗin haske fiye da kima, don haka sararin sama kan fito fari babu komai a cikinsa. Abin da Le Gray ya yi shi ne ɗaukar teku a kan gilashi ɗaya, sama kuma a kan wani gilashin dabam da ɗan gajeren lokaci, sannan ya haɗa su a kan takarda ɗaya, yana ɓoye mahaɗar a daidai inda ruwa ya gamu da sama. Hotonsa na babbar igiyar ruwa da ya ɗauka a garin Sète a shekarar 1857 na daga cikin waɗanda aka yi ta wannan hanya.

Daga baya masu bincike sun gano cewa gajimare iri ɗaya ya bayyana a hotunansa na wurare dabam-dabam. Wato dai tun ranar farko, dabarar da ke iya nuna abin da ido ya gani, ita ce kuma ke iya nuna abin da bai taɓa faruwa ba.

A ƙarni na 20, a ɗakin wanke hoto ake wannan fama. Mai wanki kan sa hannu ko guntun kwali ya tare haske daga wani sashe na takarda, ya kuma ƙara wa wani sashen, har sai inuwa da haske sun daidaita. Ansel Adams na Amurka, wanda ya yi suna da hotunan duwatsu da dazuzzuka, ya tsara wannan aiki ya zama ilimi mai ƙa'ida tare da abokin aikinsa Fred Archer a wajajen shekarar 1940.

Sauyi na gaske ya zo ne a shekarun 1990. Steve Mann da Rosalind Picard na cibiyar fasaha ta MIT sun bayyana hanyar haɗa hotunan da aka ɗauka da haske dabam-dabam ta hanyar lissafi. A shekarar 1997 kuma Paul Debevec da Jitendra Malik na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gabatar da hanyar da ta fi yaɗuwa. Ɗaya daga cikin misalan da suka nuna shi ne cikin wata majami'a da ke Jami'ar Stanford, inda tagogi masu gilashin launi ke walƙiya, rufin kuma na cikin duhu.

Masu shirya fina-finai ne suka fara cin moriyar abin, domin haskaka surorin da kwamfuta ta ƙera su yi daidai da hasken wurin da aka ɗauki fim. Ya iso hannun jama'a ne bayan fitowar manhajar Photomatix a 2003, da kuma lokacin da kamfanin Adobe ya sanya shi cikin Photoshop a 2005. A watan Satumba na 2010 kamfanin Apple ya sanya shi a wayar iPhone 4.

Yadda ake yi

A tsarin da aka saba, mai ɗaukar hoto kan kafa kyamararsa a kan mazauni mai ƙafa uku don kada ta motsa, ya ɗauki wuri ɗaya sau uku. Alal misali, ɗauka ta farko ƙyauren kyamara ya buɗe na kashi ɗaya cikin 500 na sakan, ta biyu kashi ɗaya cikin 125, ta uku kuma kashi ɗaya cikin 30. Tsakanin kowace ɗauka da mai bi mata akwai mataki biyu.

Ta farko za ta yi duhu, amma gajimare da fitilu sun tsira a cikinta. Ta ƙarshe za ta yi fari, amma abin da ke cikin inuwa ya bayyana. Idan tazarar ta yi yawa a kan ɗauki biyar ko bakwai.

Ƙa'idar ita ce a riƙa sauya tsawon lokacin da ƙyauren ke buɗe, a bar faɗin kafar shigar haske yadda yake. Dalili kuwa shi ne sauya faɗin kafar na sauya iyakar abin da ke fitowa tar da abin da ke dusashewa a gaba da baya, kuma idan hakan ya bambanta tsakanin hotunan ba za su haɗu da kyau ba.

Manhaja ce ke ɗaukar sashe mafi inganci daga kowane hoto ta haɗa, sannan ta rage hasken wurare masu haske, ta ɗaga na masu duhu, tana ƙoƙarin kiyaye bambancin da ke tsakanin abubuwan da ke maƙwabtaka da juna. A nan ne hannun mutum ke shiga, kuma a nan ne ake gane mai hankali da mai zarmewa.

Inda take da amfani

Sharuɗɗa uku ne ke sa fasahar ta zama dole: tazarar hasken ta fi ƙarfin kyamara, abin da ke cikin hasken da abin da ke cikin inuwar duka ana buƙatarsu, sannan abin da ake ɗauka ba ya motsi. Idan ɗaya ya faɗi, akwai yiwuwar wata hanyar ta fi.

Sharaɗi na farko ba sai an yi kirdado ba. Yawancin kyamarori na nuna wani ɗan jadawali mai kama da tudu, wanda gefensa na hagu ke wakiltar duhu, na dama kuma haske. Idan tudun ya tsaya a tsakiya bai taɓa bango ba, ɗauka ɗaya ta wadatar. Idan ya jingina da bango ɗaya, gyaran saiti kawai ake buƙata. Sai idan ya bugi bangon biyu a lokaci guda ne ake cewa wurin ya fi ƙarfin kyamarar.

Cikin gine-gine shi ne babban fagen HDR. Masu tallan gidaje da otal-otal a duniya sun dogara da ita domin a ga kujerun ɗaki, a kuma ga lambun da ke bayan taga.

Ga masu adana tarihi kuwa abin ya wuce talla. Soron ƙasa irin na gidajen sarauta a ƙasar Hausa, mai rufin ɗaurin guga da zane a bango, galibi ba shi da wata kafar haske sai ƙofa da 'yan ƙananan tagogi can sama. Wanda ke son ya adana siffar irin wannan gini kafin damina ko rusau su ci shi, yana buƙatar a ga zanen da ke cikin lungun rufi, a kuma ga bakin ƙofar da rana ke shigowa. Fitilar kyamara kan baje zanen ta kashe zurfinsa, alhali ɗauka biyar a kan mazauni na kiyaye hasken ɗakin yadda mai ginin ya tsara shi. Gini kuma ba ya motsi, don haka babu abin da ke hana a ɗauki lokaci.

Haka lamarin yake ga fitowar rana da faɗuwarta, da kuma hoton gari da almuru, lokacin da fitilun kan titi suka kama amma sama ba ta gama yin duhu ba.

A fagen kimiyya ma akwai abubuwan da ba a ganinsu sai da ita. Lokacin husufin rana cikakke, irin wanda ya ratsa Ghana da Najeriya da Jamhuriyar Nijar da Chadi a ranar 29 ga watan Maris na 2006, wani farin rawani na haske kan bayyana a kewayen rana. Gindin rawanin ya ninka gefensa haske sau dubbai, don haka hotunan da ke nuna zararsa dalla-dalla ana haɗa su ne daga ɗauka masu yawa. Masu wannan aiki na shirin husufin ranar 2 ga watan Agusta na 2027, wanda lissafin masana taurari ya nuna zai bi ta kan Luxor a Masar da Jidda da Makka.

A shekarar 2016 kuma hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada wata kyamarar HDR a wurin gwajin injin roka a jihar Utah. A karon nan injiniyoyi sun iya ganin yadda wuta ke murɗawa a cikin harshenta, a maimakon farin dunƙulen da kyamarori suka saba nunawa.

Farar riga da baƙar fata

Akwai wani yanayi da masu ɗaukar hoto a yankin Sahel suka fi takwarorinsu na Turai saninsa, wato mutum mai duhun fata sanye da farar shadda, a filin Idi ko wurin ɗaurin aure, rana kuma tana tsakiyar ka.

Farin yadi na mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kansa, fata mai duhu kuma kaɗan take mayarwa. Bugu da ƙari, hula ko rawani na jefa inuwa a goshi da idanu, tun da hasken daga sama yake saukowa kai tsaye.

Na'urar auna haske ta kyamara kuwa an gina ta ne bisa zaton cewa idan aka gauraya duk abin da ke gabanta zai ba da launin toka matsakaici. Da ta ga fararen riguna sun cika fili sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi. Sakamakon shi ne hoton da aikin allurar wuyan riga ya fito ɗaya bayan ɗaya, amma ba a gane ango ba.

Wannan ba laifin rana kaɗai ba ne. Daga shekarun 1950, ɗakunan wanke hoto masu amfani da kayan kamfanin Kodak sun riƙa daidaita launi ne da wani kati mai ɗauke da hoton mace farar fata. Wata malamar Jami'ar Concordia da ke Kanada, Lorna Roth, ta nuna a binciken da ta wallafa a 2009 cewa daga cikin abubuwan da suka sa kamfanin inganta yadda fim ɗinsa ke nuna launuka masu duhu, akwai ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla.

A zamanin wayar salula an samu sauyi, kuma kasuwa ce ta kawo shi. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Infinix da Itel, ya samu karɓuwa a Afirka ta hanyoyi da dama, ciki har da daidaita kyamarorinsa domin fuskoki masu duhu. Kamfanin Google ma ya fito da tsarin da ya kira Real Tone a wayar Pixel 6 a 2021, bayan aiki da masu ɗaukar hoto da suka ƙware a kan fata iri-iri.

A irin wannan hoto HDR na taimakawa ƙwarai, domin tana riƙe farin rigar ba tare da ta sadaukar da fuskar ba. Amma tana da nata aibin. Manhajar da ta ɗauki duk wani duhu a matsayin inuwar da ya kamata a haskaka, kan mayar da baƙar fata ta koma toka-toka, ko ta yi ja kamar ta mai shafe-shafe. Duhun fata launi ne na mai ita, kuma hoton da ya washe shi bai nuna mutumin ba.

Tsofaffin masu hoto na situdiyo da na bukukuwa suna da magunguna masu sauƙi tun kafin zuwan manhaja: a matsar da mutum ƙarƙashin inuwar itace ko rumfa, a jira bayan la'asar, a sa yaro ya riƙe farin zane ta ƙasa domin ya mayar da haske kan fuska, ko a kunna fitilar kyamara ko da rana ce. Har yanzu waɗannan sun fi ba da fuska mai kyau a mafi yawan lokuta.

Inda take ɓata aiki

Babban abokin gabar HDR shi ne motsi. Tun da hotuna da yawa ake haɗawa, duk abin da ya gusa tsakanin ɗauka ta farko da ta ƙarshe zai fito biyu-biyu ko ya zama kamar fatalwa. Dokin da ke sukuwa a hawan Sallah, da ganyen da iska ke kaɗawa, da yaron da ya ƙi tsayawa, duk suna cikin wannan. Alhajin da ya tsaya a inuwa yana ɗaukar filin ɗawafi na fuskantar abu biyun a haɗe: farin marmara da baƙin kyallen Ka'aba sun buɗe tazara mai yawa, taron jama'a kuma ba ya tsayawa.

A lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya rufe sama, tazarar haske kan ragu da kanta, inuwa ta yi laushi. Kunna HDR a irin wannan rana ba ya ƙara komai, sai ma ya sa hoton ya ƙara yin fayau.

Akwai kuma hotunan da inuwar ce ma'anarsu. Raƙumi da mai jansa a kan tudu rana na faɗuwa a bayansu, ko masunci a cikin kwalekwale da asuba, ƙarfin hoton na cikin baƙar surar ne. Idan manhaja ta haskaka ta, an samu ƙarin bayani, an rasa hoton.

Sai kuma zarmewa, wadda ta yi yawa a shafukan intanet tsakanin 2006 da farkon shekarun 2010. Alamominta sanannu ne: wani farin kewaye a gefen gini ko itace inda suka haɗu da sama, gajimare ya yi baƙi kamar hayaƙin taya, launuka sun yi kauri fiye da kima, kowane tsagin bango ya fito kamar an zana shi da alƙalami. Mafi muni shi ne a ga ƙasa ta fi sama haske, abin da ido ya san ba haka yake ba ko da mai kallon bai iya faɗin abin da ya dame shi ba.

Ya kamata a ƙara da cewa buƙatar ɗauka uku ta ragu ga masu manyan kyamarori. Hoton da aka ajiye a tsarin JPEG na da matakan haske 256 ne kawai a kowane launi, amma ɗanyen fayil da ake kira RAW na iya ɗaukar 4,096 ko 16,384. Ƙwararru da dama kan ɗauki hoto ɗaya a wannan tsari, su kiyaye kada wurare masu haske su ƙone, sannan su ɗaga inuwar daga baya.

Rigimar 'yan jarida

A ranar 13 ga watan Janairu na 2012, jaridar Washington Post ta buga hoton wata gada a birnin Washington a shafinta na farko, domin cika shekara 30 da faɗuwar jirgin saman Air Florida a wurin. Bill O'Leary ne ya ɗauki hoton da fasahar HDR, jaridar kuma ta bayyana hakan a ƙarƙashinsa.

Duk da wannan bayani, an yi ta suka, har daga shugabancin ƙungiyar masu ɗaukar hoton jarida ta Amurka. Hujjar masu sukar ita ce hoton labari shaida ne na lokaci guda, kuma abin da aka harhaɗa daga lokuta dabam-dabam ya tashi daga wannan matsayi. Masu kare jaridar kuma suka ce hoton ya fi kusa da abin da mai tsaye a bakin kogin ya gani da idonsa.

Shekara guda bayan haka aka yi wadda ta fi zafi. Paul Hansen na jaridar Dagens Nyheter ta ƙasar Suwidin ya lashe babbar kyautar World Press Photo ta 2013, da hoton wasu maza a wani lungu a birnin Gaza ɗauke da gawarwakin yara biyu 'yan gida ɗaya, waɗanda harin jiragen Isra'ila ya kashe a watan Nuwamba na 2012.

Hasken da ke kan fuskokin mutanen ya sa wasu suka yi zargin an haɗa hoton ne daga hotuna da yawa. Masu shirya gasar suka miƙa ainihin fayil ɗin ga ƙwararrun bincike, waɗanda suka tabbatar cewa ɗauka ɗaya ce, ba a ƙara ko an cire komai ba, ko da yake an yi gyaran haske da launi a sassan hoton. An bar masa kyautarsa, amma makonnin da aka shafe ana gardama a kan haske sun janye hankali daga yaran da ke cikin hoton.

Daga nan aka ƙara tsaurara ƙa'idoji. A gasar 2015 an fitar da kimanin kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce iyaka. A ƙarshen wannan shekarar kuma kamfanin dillancin labarai na Reuters ya umarci masu aika masa hotuna da su riƙa turo waɗanda kyamara ta fitar a tsarin JPEG, da ɗan gyara kaɗan.

Waya ta karɓe zaɓin

Abin da ya dagula waccan muhawara shi ne, a wayar salula ta yau babu sauran abin da za a kira ɗauka ɗaya.

Tsarin HDR+ da Google ya fara sanyawa a wayar Nexus 5 a 2013 ya bi wata hanya dabam da ta masu mazauni mai ƙafa uku. Wayar kan ɗauki tarin hotuna a jere cikin ƙiftawar ido, dukkansu gajeru masu ɗan duhu don kada haske ya ƙone, ta daidaita su a kan juna, sannan ta haɗa su. Haɗawar na rage tsakuwa-tsakuwar da ke cikin inuwa, ta yadda za a iya haskaka ta. Da yake kowace ɗauka gajeriya ce, matsalar fatalwa ta ragu sosai, ko da yake ba ta ƙare ba.

Wayoyi da dama ma kan fara tara hotunan tun lokacin da aka buɗe kyamara, kafin a taɓa maɓalli. Apple ya bi sahu da nasa tsarin mai suna Smart HDR a 2018. Ke nan hoton ambaliya ko na gobarar kasuwa da wani ganau ya ɗauka da wayarsa ya aika wa gidan jarida, haɗaɗɗe ne tun daga tushe, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da editoci suka fi dubawa yanzu shi ne ko an ƙara wani abu ko an cire, ko kuma an sauya yanayin wurin har ya ba da wata ma'ana dabam.

Ga mai waya, abin da ya rage a hannunsa kaɗan ne amma yana da tasiri. A wayoyi da yawa ana iya kashe HDR daga saitin kyamara, kuma ya dace a kashe ta idan ana son baƙar sura ko ana ɗaukar abu mai gudu. Haka nan taɓa fuskar mutum a kan allon wayar kafin ɗauka na sanar da kyamara wurin da ya kamata ta fifita.

A ƙarshe akwai wata ma'ana ta biyu da haruffan suka samu, wadda ke rikita masu saye. HDR da ake rubutawa a jikin akwatin talabijin da sababbin wayoyi na nufin allon da ke iya nuna tazarar da kansa, ba tare da an matse ta ba. An tsara hotunan talabijin na da ne bisa haske 100 a ma'aunin da ake kira nit, alhali allunan HDR na iya kai wa 1,000 ko fiye a wuraren da ke walƙiya.

Tsarin Ultra HDR da ya zo da manhajar Android 14 a 2023 na ajiye hoto na yau da kullum ne, tare da wata ɓoyayyiyar taswira da ke gaya wa allo inda zai ƙara haske. Shi ya sa wani hoton kan yi ƙyalli a wayar wanda ya ɗauka, amma idan aka buɗe shi a tsohuwar waya, ko aka kai shi shago aka buga a takarda, sai ya koma hoto irin na kowa.